Kundin aiki: auna ƙullacin da wasu maza ke yi wa mata, da alaƙarsa da cin zarafi a intanet

14 ga Janairu, 2025

An tsayar da abin da za a auna. Ra'ayin cewa namiji ne shugaban gida, ko cewa zaman gida ya fi dacewa da mace, ba shi ne muke bi ba, akwai ma'aunai da yawa da suka riga suka ɗauke wannan. Abin da muke bi shi ne ƙullaci, kuma mun raba shi gida uku. Na farko, mutum ya ji akwai abin da ya cancanta, aure ne ko kulawa ko girmamawa, an hana shi. Na biyu, ya ɗora laifin a kan mata gaba ɗayansu, ba a kan wata guda da suka saɓa ba. Na uku, ya ga ramuwa halal ce. Masanin zamantakewa Michael Kimmel na Amurka ya daɗe yana rubutu a kan gida na farko, amma hasashenmu shi ne sai ukun sun haɗu kafin magana ta koma aiki.

Ma'aunin Glick da Fiske na 1996, mai auna ra'ayi a kan mata, yana da jimloli 22, 11 na ƙiyayya a fili, 11 na rainin da ke zuwa cikin rigar tausayi, ana amsawa daga 0 zuwa 5. Za mu saka rabin ƙiyayyar domin kwatanci kawai. Haka tambayoyi biyar na binciken lafiyar al'umma na DHS, waɗanda ke tambaya ko miji yana da hujjar dukan matarsa idan ta ƙona abinci, ta yi musu da shi, ta fita ba ta faɗa masa ba, ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Waɗannan suna auna yarda da duka a cikin aure. Saurayin da bai taɓa aure ba, wanda ke kwana yana zagin mata a Facebook, zai iya cewa a'a ga duka biyar ɗin.

Yawancin abin da aka rubuta a fannin ya taso ne daga hare-haren Arewacin Amurka da Ingila. A Montiriyal, ranar 6 ga Disamba 1989, an kashe mata 14 a kwalejin injiniya. A Isla Vista ta Kalifoniya, a Mayun 2014, mutum shida, huɗu daga cikinsu ma maza ne. A Toronto, a Afrilun 2018, mutum 10 nan take da mota. A Plymouth, a Agustan 2021, mutum biyar. A 2023 wata kotu a Kanada ta yanke cewa kisan da wani matashi mai aƙidar insel, wato mazan da ke ɗora wa mata laifin rashin samun abokiyar soyayya, ya yi wa wata mata a Toronto a 2020 ta'addanci ne. Wannan tarihin ya sa ma'aunan da ke akwai suka karkata ga rayuwar can.

3 ga Fabrairu

Tarin jimloli na farko ya kai 60. Waɗanda aka ɗauko daga ma'aunan waje a kan tsayi, siffar fuska da manhajojin neman masoya sun zube tun a karatun farko, don ba nan ciwon yake ba a wurin masu amsa mana. Idan ka zauna ka karanta maganganun da ake ajiyewa ƙarƙashin labaran aure a shafukan Hausa, ƙorafin yana zagaye ne a kan lefe da tsadarsa, budurwar da ta ci kuɗin saurayi ta auri wani, cewa mata sai mai mota, cewa ana ɗaukar mata aiki maza na zaune, da abin da ke biyo bayan saki a kotu. Daga nan aka gina sabbin jimlolin.

Ƙa'idojin rubutu uku ne. Jimla ɗaya, magana ɗaya: "Mata suna son kuɗi kuma ba su da amana" jimloli biyu ne, wanda ya yarda da rabi bai san abin da zai zaɓa ba. Ban da korewa a cikin korewa. Sannan ban da duk wata jimla mai kama da nassin addini ko wa'azi. Wannan ta ukun ita ce mafi muhimmanci a nan, domin mai amsa ba zai ce bai yarda da abin da ya yi masa kama da hadisi ba, sai ka ƙare kana auna riƙon addininsa kana kiransa ƙiyayya.

Alƙalai shida suka duba, masana halayyar ɗan Adam da malaman Hausa da masu aiki da matan da aka ci zarafinsu. Kowa ya ba kowace jimla maki 1 zuwa 4 a kan dacewarta da gidan da aka sa ta. Duk jimlar da ba ta samu 3 ko 4 daga aƙalla alƙalai biyar ba, an cire ta. Saura 36, kowane gida 12.

24 ga Fabrairu

Hirar gwajin fahimta. Ana karanta wa mutum jimla, ya amsa, sai a tambaye shi: da ka ji wannan, wa ya faɗo maka a rai? Me ya sa ka zaɓi wannan amsar?

Jimlar "Mata ba su da amana" ta nuna matsalar a sarari. Wani ya ce ya yarda sosai, ashe wata guda yake nufi da ta bar shi. Wani ya yarda yana dariya, ya ce ai haka ake faɗa a majalisa. Da aka ce har da mahaifiyarka da ƙannenka, kusan kowa sai ya janye. Amsa ɗaya ke nan daga zukata daban-daban. An sake ta zuwa "Yawancin 'yan mata za su bar saurayinsu idan mai kuɗi ya fito." Ita ma ba ta tsira ba, don mutum zai iya yarda da ita a matsayin abin da yake gani a unguwa, ba tare da wani ɗaci a ransa ba. Saboda haka kowace jimlar ra'ayi yanzu tana da abokiyarta ta zuciya, kamar "Idan na tuna yadda mata ke wulaƙanta maza irina, raina yana ɓaci." Ra'ayi ba tare da ɓacin rai ba ba ƙullaci ba ne.

Matakan amsa bakwai ba sa aiki idan da baki ake karantawa, kafin a kai na bakwai an manta na biyu. An koma biyar, kuma a mataki biyu: ka yarda, ba ka yarda ba, ko kana tsakiya? Idan ya zaɓi ɓangare, sai a ce sosai ko kaɗan?

Akwai kuma "haka ne" ta ladabi. Mutane da yawa ba sa son musa wa baƙon da ya zo da takarda, musamman idan ya girme su. Maganinta shi ne jimlolin da yarda da su ke nuna rashin ƙullaci. An saka shida, an rubuta su kai tsaye, kamar "Matan da na yi hulɗa da su sun yi min adalci," maimakon a ɗauki jimlar ƙiyayya a liƙa mata "ba" gaba da baya.

3 ga Maris

Azumi ya kama, an dakatar da fita. A wannan watan mutane suna kame baki, amsar da za a samu a kan zagi da ramuwa ba za ta wakilci sauran shekara ba. Sai bayan sallah.

17 ga Maris

Takardun kwamitin ɗa'ar bincike sun kammala. An bi ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa, da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, da shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2001 a kan binciken cin zarafin mata. A aikace ga abin da suke nufi. Ba a yi wa namiji da mace na gida ɗaya tambayoyi, domin idan miji ya san irin tambayar da aka yi masa, zai zargi abin da matarsa ta faɗa. Ba a rubuta suna a fayil ɗin amsoshi. Lambar waya, wadda ake buƙata don zagaye na biyu da za a sake tambayar mutanen nan, tana fayil dabam mai makulli, lambar sirri ce kawai ke haɗa su. Ba a neman sunan shafin kowa na Facebook ko TikTok.

Kowane mai amsa yana karɓar ƙaramin kati mai lambobin wuraren neman taimako, ciki har da cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe irin Salama a Kaduna da Waraka a Kano, haɗe da lambobin asibiti na yau da kullum, don kada katin ya zama abin tuhuma idan an gan shi a aljihu.

Wani abin da kwamiti ya tsaya a kai, kuma da gaskiyarsa: karanta wa saurayi jimloli 36 na ƙiyayyar mata a jere yana iya sa ya ɗauka ra'ayin masu binciken ne. An cakuɗa su da tambayoyin aiki da abokai da barci, an kuma ƙara bayani a ƙarshe cewa an tattaro jimlolin ne daga bakin mutane daban-daban, wasu sun yarda da su wasu ba su yarda ba.

14 ga Afrilu

Ɓangaren aikatawa. Tambayar "Ka taɓa cin zarafin mace a intanet?" ba ta da amfani, babu wanda ke kiran abin da ya yi da wannan sunan. Ana tambayar aiki ne ɗaya bayan ɗaya, cikin wata 12 da suka wuce, kuma sau nawa: zagin mace a bainar jama'a a ƙarƙashin abin da ta wallafa, ci gaba da tura mata saƙo bayan ta ce a daina, buɗe sabon shafi bayan ta toshe shi, tura mata hoton batsa ba ta nema ba, yaɗa hotonta ko hirarsu ba da izininta ba, barazanar yaɗawa, wallafa lambarta ko unguwarsu, kiran abokai su taru a kanta. Takwas ke nan. Zaɓin amsa: ban taɓa ba, sau ɗaya, sau 2 zuwa 5, fiye da 5. Ana maimaita takwas ɗin a kan maza, dalilin zai zo a gaba.

Wanda ke riƙe da waya yana canza amsa. Gaban mace, maza suna ɓoyewa. Gaban namiji sa'ansu, wasu har ƙari suke yi don burga. Don haka wannan ɓangaren mai amsa ne ke cike shi da kansa. Fom ɗin yana kan manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox a wayar Android, kowace tambaya da muryarta da aka naɗa, ya sa abin sauraro a kunne ya danna maɓalli mai launi. Wanda bai iya karatun boko sosai ba ma yana iya wucewa shi kaɗai. Abin lura: fayilolin murya suna da nauyi, a sauke su a ofis kafin fita, in ba haka ba fom zai buɗe babu sauti a inda sabis ba shi da ƙarfi.

Ga abu mafi nauyi, wato yaɗa hoton tsiraici, an ƙara dabarar jeri. Ana raba masu amsa gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya ya ga abubuwa huɗu marasa laifi, ɗayan ya ga huɗun nan da na biyar mai nauyi. Tambayar ita ce guda nawa ka aikata, ba wanne ba. Bambancin matsakaicin gidajen biyu shi ne kiyasin masu aikata na biyar. Sharaɗinta kada wani ya zama ya aikata duka huɗun ko bai aikata ko ɗaya ba, don a nan asirinsa ya tonu. Shi ya sa ake haɗa abubuwa biyu da ba sa tafiya tare, kamar kallon ƙwallo kowane mako da rashin kallonta tun bara. Dabarar tana cin mutane da yawa kafin kiyasi ya zauna, a gwaji za mu ga ko an fahimce ta ne kawai.

12 ga Mayu

Ɓangaren rubuce-rubucen intanet ya fi kowanne wahala, kuma ba laifin masu aikin ba ne. Twitter ta rufe hanyar ɗibar bayanai kyauta a 2023. Meta ta rufe CrowdTangle, manhajar bibiyar abin da ake wallafawa a Facebook da Instagram, ranar 14 ga Agusta 2024, wanda ya maye gurbinsa kuma sai an nemi izini an jira. WhatsApp a rufe yake, TikTok kuma yawancin zagin da baki ake yinsa a bidiyo. Abin da ya rage shi ne maganganun da ke fili a ƙarƙashin shafukan labarai da na fitattun mutane, ana kwafa da hannu, ana goge sunaye nan take.

Na'urar Perspective ta Jigsaw, wadda masu bincike a Turai da Amurka suka dogara da ita wajen gano zagi, ba ta jin Hausa. NaijaSenti na 2022, tarin rubuce-rubucen Twitter da aka tantance don koyar da na'ura, yana da Hausa, amma yabo da suka yake rarrabewa. AfriHate, irin wannan tarin da ya fito a farkon 2025 a kan ƙiyayya da zagi, ya fi kusa. Neman kalmomi ma ba ya kai mu ko'ina, tunda a waya mutane ba sa sa lanƙwasa, wanda ya ce an yi ƙarya da wanda ya kira mace karya rubutu ɗaya suke yi.

Saboda haka mutane ne ke tantancewa, biyu-biyu, kowa ba ya ganin na ɗan'uwansa. Rukunai biyar: suka a kan abin da ta faɗa, zagi, ɓata suna ta fuskar mutunci, barazana, da ba komai. A zagayen farko ma'aunin kappa na Cohen, mai nuna yawan daidaituwar masu tantancewa biyu, bai kai 0.60 da muka sa a matsayin ƙasa ba, kuma saɓanin kusan duk a wuri biyu yake. Ɗaya shi ne addu'ar da ba addu'a ba. Mace ta sa hotonta na kammala karatu, wani ya rubuta "Allah ya shirya, irinku ne ke ɓata mana tarbiyya." Babu ashar a ciki, amma kowa ya san abin da aka kira ta. An yanke cewa duk maganar da ta bar abin da ta wallafa ta koma kan mutuncinta tana rukuni na uku, ko da wace riga ta zo. Ɗayan kuma gajerun maganganu irin "Mun san gidanku." Kalmomi uku masu tsabta, kuma ita ce mafi haɗari a shafin. Duk ambaton gida, makaranta, wurin aiki ko iyaye da sigar sani yanzu barazana ce. Bayan an gyara littafin jagora an sake sabon zagaye da maganganun da ba a taɓa gani ba, kappa ya haye.

Habaici da zambo har yanzu suna raba kan masu tantancewa, musamman idan ba a ambaci sunan kowa ba. An ba su alama ta musamman, mutum na uku ke yanke hukunci. Kuma babu mai wuce awa biyu a zama ɗaya. Bayan nan ido yana sabawa, abin da aka kira zagi da safe sai a wuce shi da yamma.

16 ga Yuni

Bayanan gwaji sun shigo. An nufi aƙalla mutum 10 ga kowace jimla, 360 ke nan, an ɗora kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda za a cire. Ana cire wanda ya danna amsa ɗaya daga sama har ƙasa, har da jimlolin da aka juya, da wanda ya gama kafin muryar ta gama karantawa. Fom yana ajiye lokacin kowace tambaya, don haka ganowa ba wuya.

Tunda amsoshin matakai ne biyar ba awo mai santsi ba, an yi lissafin alaƙa da hanyar polikorik, wadda aka yi don amsoshi masu matakai, maimakon ta Pearson da aka saba. Yawan gidaje kuma an bar wa gwajin kwatanci da bayanan ƙuri'a, domin tsohuwar ƙa'idar ɗaukar duk gidan da ƙarfinsa a lissafi ya wuce 1 tana ƙirƙiro gidajen da babu su. Jimlar da nauyinta, wato ƙarfin alaƙarta da gidanta, bai kai 0.40 ba, ko ta raba ƙafa a gida biyu, ta fita.

Abu biyu suka fito. Jimlolin nan shida da aka juya sun taru sun yi gidan kansu. Wannan sananne ne, salon rubutunsu ne ya haɗa su, ba wani ra'ayi na huɗu ba. Za a bar su don kama masu "haka ne" amma ba za su shiga jimillar maki ba. Na biyu ya fi damunmu: gidan ramuwa ya kwanta a ƙasa, kusan kowa ya ce bai yarda ba sam. Jimlolin sun yi zafi da yawa, an fara da duka da tona asiri. Ma'aunin da kowa ke samun maki ɗaya a kansa ba ya rarrabe kowa. Ana buƙatar tsani: daga "Macen da ta wulaƙanta namiji a fili, daidai ne a mayar mata a fili," zuwa "Wadda ta ci kuɗin saurayi ta gudu ta cancanci a kunyata ta," kafin a kai ga masu nauyi.

Amsoshin aikatawa kuwa yawancinsu sifiri ne, kamar yadda aka zata. Lissafin layi na yau da kullum ba ya ɗaukar irin wannan. Za a yi shi hawa biyu: me ke bambanta wanda ya taɓa da wanda bai taɓa ba, sannan a cikin waɗanda suka taɓa, me ke sa wani ya yawaita.

Nan ne amfanin tambayoyin nan takwas a kan maza. Akwai mai zagin kowa, mace da namiji da ɗan siyasa da mai tsaron gida na Arsenal. Idan ba a cire faɗan ɗabi'a ba, za a ɗora wa ƙiyayyar mata abin da na zafin kai ne. An saka gajeren ma'aunin zafin kai na Buss da Perry mai jimloli 12, da tambayoyi uku na kaɗaici, da shekaru, aure, aikin yi da awannin da ake yi a waya. Ma'auninmu bai ci sunansa ba sai ya bayyana cin zarafin mata bayan an cire duk waɗannan, kuma fiye da yadda yake bayyana na maza.

21 ga Yuli

An zauna a kan abin da za a iya faɗa game da tashin hankali na zahiri, kuma ya fi ƙanƙanta da abin da mutane ke so su ji.

Daga ɓangaren waɗanda abin ya shafa akwai alƙaluma. Binciken UNESCO da cibiyar 'yan jarida ta ICFJ na 2020 ya samu kashi 73 cikin 100 na mata 'yan jarida da suka amsa sun fuskanci cin zarafi a intanet, kashi 20 kuma sun ce an far musu ko an ci zarafinsu a zahiri a abin da suke ganin daga intanet ya faro. Plan International a shekarar ta tambayi 'yan mata kusan 14,000 a ƙasashe 22, kashi 58 sun ce an taɓa cin zarafinsu a kafafen sada zumunta. A nan gida kowa ya ga abin da ya biyo bayan #ArewaMeToo, gangamin matan Arewa na fallasa cin zarafi, a 2019. Amma duk waɗannan ba su shiga kan mai aikatawa ba. Aikin Blake da abokan aikinta na 2021 ya nuna yankunan Amurka da aka fi wallafa kalaman ƙiyayyar mata a Twitter su ne kuma aka fi kai rahoton dukan iyali. Yanki ne da yanki. Bai ce mai rubutun shi ne mai dukan ba. Kwaikwayon wannan a nan ma ba zai yiwu da rajistar 'yan sanda ba, tunda yawancin irin waɗannan rigingimu a gida ake kashe su, ko gaban mai unguwa ko Hisba, abin da rajista ke nunawa shi ne inda ake kai ƙara.

An kuma rubuta a ƙa'idar aikin cewa ba za a ba kowa ma'aunin don tace mutane ba, makaranta ce ko hukuma. Lissafin a fili yake. A ɗauka maza 100,000, 10 daga cikinsu za su kai hari, kuma ma'aunin yana daidai sau 90 cikin 100 ta kowane ɓangare, abin da babu ma'aunin ra'ayi da ke kaiwa. Zai kama 9 daga cikin goman, ya haɗa da mutum 9,999 da ba za su taɓa kowa ba.

18 ga Agusta

Ma'auni ya sauko zuwa jimloli 12 a gida na farko da na biyu, shida-shida, omega na kowanne, wato awon yadda jimlolinsa ke tafiya tare, ya wuce 0.70. Gidan ramuwa yana da sabbin jimloli 10 da ke jiran hirar gwajin fahimta, shida za a ɗauka.

Zagaye na biyu zai zo wata shida bayan na farko, da mutanen nan dai. Ba tare da shi ba ba za a san wanne ya riga wanne ba, domin mai yiwuwa shiga taron zagi ne ke koya wa mutum ƙullacin, ba ƙullacin ke kai shi ba. Babbar barazanar ita ce ɓacewar mutane saboda canza layi, don haka ana karɓar lamba biyu, a kira sau ɗaya a wata na uku don tabbatarwa. Waɗanda suka ɓace za a kwatanta makinsu na farko da na waɗanda suka dawo, idan masu maki sama ne suka fi ɓacewa, dole a faɗa a rahoto.

Kafin a kwatanta masu aure da marasa aure, ko Kano da Maraɗi, sai an gwada ko jimlolin suna aiki iri ɗaya a kowane rukuni, mataki uku, kuma CFI, awon dacewar tsarin da bayanai, kada ya faɗi fiye da 0.01 daga mataki zuwa mataki. Jimlar lefe ce muka fi zargi, don nauyinsa a kan wanda ya riga ya yi daban yake da wanda ke tarawa. An naɗi muryoyin sabbin jimlolin 10, hirar gwaji za ta fara mako mai zuwa da marasa aure 'yan shekara 18 zuwa 30.